Shin zan iya haɗa ƙwaƙwalwar kwamfuta da hannuna a gida?

Ɗan Kurna:
Assalamu alaikum. Ina sha'awar haɗa furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, da ƙananan aisi (IC, 'yan ƙwayoyin lantarki masu ƙafafu) a kan allon gwaji mai ramuka, domin in ga da idona yadda take lissafi da bin umarni. Ta ina ya dace in fara, kuma ana samun kayan a nan Kano?

Mai gyaran rediyo, Fagge:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Abu ne mai yiwuwa, amma kada ka ɗauko da girma. Intel 4004 da ta fito a 1971 bit 4 kawai take aiki da shi (bit shi ne gurbin lamba ɗaya, 0 ko 1), da tiransisto 2,300, don haka babu abin kunya idan taka ma da bit 4 ta fara. Ka soma da agogon da ke bugawa, wanda aisi 555 zai ba ka, sannan 74LS161 mai ƙidaya inda umarni ya kai, da 74LS173 mai riƙe lamba, da 74LS283 mai tara lambobi. Ka rage saurin agogon zuwa bugu ɗaya a daƙiƙa, ka sa ƙaramar fitila a kan kowane layi, ta yadda duk lambar da ta wuce za ka gan ta, kuma kada ka taɓa sashe na gaba sai na farko ya yi aiki daidai. Su 555 da kafasita da wayoyi ana samunsu a Kasuwar Sabon Gari, amma dangin 74 wani lokacin sai ka ba da saƙo an kawo maka.

Malama daga Kabuga:
Malam ya faɗi gaskiya, sai dai ni wuta ce ta fi damuna. Waɗannan aisi bolt 5 tsayayye suke so, kuma idan ta yi rawa sai ka ga lamba ta canza ba dalili, ka kwana kana zargin waya. Ka sa kafasita mai nanofarad 100 kusa da ƙafar wutar kowane aisi. Idan 74HC ka samu a maimakon 74LS, ba sa cin wuta kamarsu, amma kada ka bar ƙafar shiga ko ɗaya a sake, kuma a lokacin hunturu, da iska ta bushe, wutar da ke taruwa a jiki tana iya kashe su, saboda haka ka taɓa ƙarfen da ya haɗu da ƙasa kafin ka ɗauke su.

Ɗan Kurna:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To umarnin kansa fa, a ina zan ajiye shi?

Mai gyaran rediyo, Fagge:
Da farko rubuta shi a takarda: ɗauko lamba, tara, nuna, tsallaka, tsaya. Waɗannan biyar sun isa. Daga baya ka zuba su cikin aisi mai riƙe bayani ko an ɗauke wuta, irin 28C16, wanda Arduino, wani ƙaramin allon kwamfuta, zai iya rubuta masa.