Dokar yaren kurame a Filifin: me ta canza a cikin aji?

Malamar Firamare:
Assalamu alaikum. Na ji cewa ƙasar Filifin ta kafa dokar da ta amince da yaren kuramenta a matsayin harshen koyarwa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, tun da makarantun kurame sun daɗe a can, da wane harshe ake karantar da yaran kafin dokar, kuma mene ne ta wajabta wa makarantu yanzu?

Ɗan Zazzau:
Wa alaikumus salam, Malama. Dokar ita ce mai lamba 11106, wadda Shugaba Rodrigo Duterte ya rattaba wa hannu a watan Oktoban 2018. Ta ayyana yaren kuramen Filifin a matsayin maganar hannu ta ƙasa, ta wajabta a koyar da yara kurame da shi, kuma a riƙa karantar da shi a matsayin darasi mai zaman kansa, ba tare da an yi watsi da karatu da rubutu cikin Filifino da Ingilishi ba. Ta shafi kotuna da kafofin watsa labarai ma. Tun a 2013 dokar ilimin bai ɗaya mai lamba 10533 ta lissafa shi cikin harsunan uwa, amma ta 2018 ce ta ba shi cikakken matsayi.

Uwar Yara:
Malama, amsar tambayarki ta farko tana cikin tarihi. A 1907, zamanin mulkin Amurka, aka buɗe makarantar kurame da makafi a Manila ƙarƙashin wata malama Ba'amurkiya, Delia Delight Rice, kuma ta nan maganar hannu ta Amurka ta samu gindin zama. Daga baya makarantu da yawa suka koma bin tsarin da ake jera alamomi kalma bayan kalma bisa nahawun Ingilishi, alhali yaren da kuramen ke hira da shi a tsakaninsu yana da nasa nahawun, wanda ya dogara da motsin hannu da yanayin fuska. Sai ya zama yaro yana fama da darasi, yana kuma fama da harshen da ba nasa ba. Mu ma a nan mun san irin wannan, domin makarantunmu sun fi jingina da alamomin Amurka duk da cewa kuramen Kano suna da tasu maganar hannu.

Tsohon Hedimasta:
Ni dai a ganina, gizo yana saƙar ne a wajen malamai. Mai ji da ya yi shekaru yana koyarwa da alamomin Ingilishi ba zai ƙware a wani harshe ba don kawai an buga doka. Shi ya sa sashen da ya fi burge ni shi ne wanda ya umarci hukumar ba da lasisin aiki ta samar da wata hanyar jarraba kuramen da suka karanci koyarwa, domin jarrabawar da aka saba yi a rubuce tana tauye su.

Malamar Firamare:
Na gode ƙwarai, Malam. Ke nan wanda zai auna nasarar dokar sai ya fara ƙirga kuramen da aka ɗauka aikin koyarwa tun daga 2018.