Za a iya mayar da tashar jirgin ƙasa ta Nguru gidan tarihi?

Ɗan Nguru:
Assalamu alaikum. Da na je Madina na ga an mayar da tsohuwar tashar jirgin Hijaz, wanda layinsa ya iso garin daga Sham a 1908, gidan tarihi. Tun daga nan nake tunanin tamu tashar, inda layin dogon da ya taso daga Kano ya tuƙe a 1930. Shin ƙaramin gari kamar namu zai iya irin wannan aiki, kuma da me za a fara?

Tsohon Akawu:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Zai yiwu, amma kada hankalinku ya tafi ga neman kan jirgi da taragai, domin gyaransu da gadinsu sun fi ƙarfin aljihun gari. Abin da ya raya Nguru shi ne kayan da jirgin ya ɗauka, wato gyaɗa da ƙaro da fatu da kiraga da shanu, don haka su ya kamata baƙo ya gani. Mahaifina ya yi aikin awon gyaɗa, kuma har yanzu littafin lissafinsa yana cikin adakar mahaifiyarmu, gara ta ci gefensa, amma sunayen dillalai da adadin buhunan kowa suna nan raɗau. Irin wannan littafi, da sikeli, da tsohon tikiti, da ƙugiyar 'yan dako, sun isa su cika ɗaki guda.

Malama Bakauriya:
Mu ma a Ƙaura Namoda layinmu ya iso a 1929, kuma shawarata ita ce a fara da dattawa kafin gini. Gini zai jira, su kuwa kullum raguwa suke yi. A ɗauki muryoyin leburori da matan da suka sayar da abinci a bakin tasha, tare da Yarabawa da Inyamurai da jirgin ya kawo suka zauna.

Injiniya:
Ranka ya daɗe, a tuna cewa ginin mallakar Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya ne, sai an sami izininta a rubuce. Akwai misali a unguwar Ebute Metta da ke Legas, inda wata ƙungiyar sa-kai ta gyara wani tsohon gini na 1898 da ake kira gidan Jaekel ya zama ƙaramin gidan tarihin reluwe.

Ɗan Nguru:
Na gode ƙwarai. Malam Akawu, ko Hajiya za ta yarda mu ɗauki hoton littafin nan shafi-shafi kafin gara ta ƙarasa shi?