Bayan taifot: wa ya gwada bitamin C da E, kuma me ya gani?

Mai tambaya, Unguwar Rogo: Salamu alaikum. Taifot ta kwantar da ƙanwata. Ta gama maganin asibiti, zazzaɓi ya sauka, amma jikin babu ƙwari har yanzu. Wani mai kemis ya ce a ɗora ta a kan bitamin C da E, wai suna wanke gubar da cutar ta bari. Waɗanda suka taɓa jinyar irin wannan, don Allah ku faɗi abin da kuka gani.

Wata uwa, Dilimi: Allah ya ƙara sauƙi, ɗana. Da autana ya yi tasa ban sayi ƙwaya ba. Gwaiba, lemo, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, sai garin ƙwame a nono. Cin abinci ne ya fara dawowa, ƙarfi ya biyo baya a hankali.

Ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje, Tudun Wada: Hajiya kin yi daidai. Ƙwayar taifot da danginta irin su E. coli suna da guba a fatarsu ta waje. Da ta shiga jini sai garkuwar jiki ta tashi, ga zazzaɓi, ga kumburi. Fararen ƙwayoyin jini kuma su saki sinadarai masu ƙuna don kashe cutar, in sun yi yawa su ci naman jikin mai su, kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Bitamin E yana zaune cikin kitsen da ya kewaye ƙwayoyin jiki yana tare wannan ɓarna, bitamin C kuma yana farfaɗo da shi idan ya gaji. Amma fa ba sa kashe ƙwayar cutar. Ina bakin ciki in na ga samfurin jinin wanda ya ajiye magani ya koma bitamin, cutar tana nan daram.

Mai kiwon kaji, Bukuru: Mu ma haka ne. In E. coli ta shiga ɗaki, likitan dabbobi magani yake fara rubutawa, bitamin a ruwan sha ya biyo baya. Maƙwabcina ya ba da bitamin kawai, gawa ya yi ta kwasa.

Wata nas, Rikkos: Yaya, abin da ke damuna shi ne yawan. Babba bai buƙatar fiye da miligiram 75 zuwa 90 na bitamin C a rana, gwaiba ɗaya ta wadatar. Na karɓi masu jefa ƙwayar miligiram 1000 a ruwa safe, rana da dare, su zo da gudawa da murɗar ciki. Wuce 2000 ba a so, yana iya jawo tsakuwar ƙoda. A 2022 an fitar da sakamakon gwajin LOVIT, wanda aka yi a Kanada, Faransa da Niyu Zilan kan masu cutar da ta shiga jini: waɗanda aka yi wa ƙarin bitamin C mai yawa ta jijiya sun fi sauran mutuwa ko ci gaba da gazawar sassan jiki. Mai shan maganin tsinka jini kuma ya tambayi likita kafin ya taɓa bitamin E.

Mai kayan gwari, Farin Gada: Malam, ku zo da sassafe. Tattasai ja ya fi lemo bitamin C, amma dogon dahuwa na kashe shi. Mai ɗakina ɗanye take yanka shi da tumatir da kabeji, bayan ta wanke su tas da ruwa mai tsabta, ta zuba man gyaɗa.