Wai laifi ne mutum ya ajiye tankar yaƙi a gidansa?

Abban Sultan: Jama'a ni fa har yau abin da aka yi wa tsohon nan na Jamus yana min ciwo. Dattijo ɗan shekara 84, ya ajiye tankar yaƙin duniya na biyu ƙirar Panther a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidansa a Heikendorf kusa da Kiel, shekara da shekaru ko kaza bai harba da ita ba, 2015 aka zo aka ɗauke, sojoji wajen 20 suka kwashe awa tara suna jan ta, sannan 2021 kotu ta yi masa ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka na wata 14 kuma aka ce ya biya Yuro 250,000. Ni maganata ɗaya ce, motar sojan da ta gama aiki ƙarfe ce kawai, gwamnati ba ta da hurumin hana mai sha'awa ya saya ya ajiye.

Maman Ilham: Abban Sultan ka faɗi rabi ka haɗiye rabi. Ba tanka kaɗai aka samu a gidan ba fa, akwai bindigar kakkaɓo jirgin sama, akwai makamin nan da ake nutsar da jirgin ruwa da shi, ga bindigogi ga tarin harsasai. Wannan kuma sha'awar me?

Abban Sultan: Hajiya ai ba a ɓoye yake ba, duk garin sun sani. Magajin garin da bakinsa ya ce mutumin ya fito da ita yana yawo lokacin dusar ƙanƙarar 1978. Sai bayan shekara talatin da wani abu aka tuna laifi ne?

Ɗan Ingila: Bari in sa baki tunda a Ingila nake zaune. A nan ba a hana ba, amma ba sakaka aka bar abin ba. Dole a kashe bakin igwar yadda ba za ta ƙara tashi ba, in za ka hau titi sai ka sa wa sarƙar roba kada ta farfasa kwalta, ka yi rajista da inshora, kuma akwai lasisi na musamman rukunin H na motoci masu sarƙa. Na je bikin tankoki da ake yi a gidan tarihi na Bovington, wlh tsofaffi ne masu furfura da jikokinsu, hannu duk baƙin mai, wani yana ta goge wata ƙaramar motar sulke da tsumma kamar ango. Ba wanda ya yi kama da mai shirin juyin mulki a cikinsu. A 2017 ma wani ya sayi tsohuwar tankar Iraƙi, yana buɗe tankin mai sai ga sandunan zinare guda biyar, ya kira 'yan sanda ya miƙa musu.

Oga Bakanike: Ya miƙa?? Allah ya ba mu irin zuciyarsa amma ba yau ba.

Oga Bakanike: To amma ku duk kun tafi kan bindiga, ni a matsayina na mai kwanciya ƙarƙashin mota ina ganin matsalar tana jikin motar ne. Ku duba Amurka. Akwai wata jif ta soja M151, yadda aka ƙera ƙafafunta na baya in ka sha kwana da gudu sai ta kife, shi ya sa da suka gama da ita ba su yarda su yi gwanjonta a tsaye ba, yankawa suke yi gunduwa-gunduwa ko su murƙushe ta kafin a sayar a matsayin ƙarfe. Motar sojan Humvee ma sai ƙarshen 2014 aka fara gwanjonta ga farar hula ta hannun kamfanin gwanjo na GovPlanet, kuma da sharaɗi, ka cika takardar da ke nuna wane ne kai da me za ka yi da ita, a bincike ka, sannan a rubuce yake cewa ta daji ce ba ta kan titi ba. Wata jihar ta ba ka lamba wata ta ce a'a. Mota ba jakar iska, ba a ƙera ta don ta yi karo da Corolla mai ɗauke da yara ba.

Abban Sultan: Oga in haka ne a hana tirela ma mana, ita da Corolla in sun haɗu waye ke tashi?

Baba Ritaya: Yaro, ka taɓa tsayawa gaban tanka tana tafiya? Ni na tsaya, ƙasa ce take rawa a ƙarƙashin takalminka. A 1995 a San Diego ta Amurka mutum ɗaya ya ja tankar M60 ya shiga unguwa yana bi ta kan motocin mutane kamar gwangwanin madara, 'yan sanda suna biye da shi ba abin da suka iya, sai da ta maƙale a kan kankaren tsakiyar titi sannan suka samu suka hau suka buɗe. Ko harsashi ɗaya babu a cikinta.

Abban Sultan: Ranka ya daɗe Baba da girmanka, amma wannan hujjata ce ba taka ba. Daga ma'ajiyar sojoji ya sato ta, ba daga garejin wani mai sha'awa ba. Kuma wanda ya rushe gine-gine 13 a Granby ta jihar Colorado a 2004 katafila ya yi wa sulke da ƙarfe da kankare a shagonsa. Za a hana sayar da katafila kenan? Ga ɗan fim Schwarzenegger can da tankar M47 ɗin da ya tuƙa lokacin yana soja a Ostiriya, ya saye ta ya kai Amurka, ba wanda ya ce masa kanzil.

Baba Ritaya: Na ji, ka ci wannan.

Maman Ilham: Baba kar ka sakar masa da wuri. Schwarzenegger tsohon gwamna ne, an san inda yake kwana. Kuma ka lura duk inda aka ambata ba inda aka ce saya kawai ka tafi, Ingila a kashe igwa, Amurka in igwar tana aiki sai ka yi mata rajista da gwamnatin tarayya. Kai kuma da ka fara cewa ka yi gwamnati ba ta da hurumi kwata-kwata. Yanzu ka tsaya a ina?

Abban Sultan: Toh, a sa sharaɗi ban ƙi ba. Kwacewa da yankawa ne ban yarda da su ba, tarihi ne ake mayarwa kayan bola.

Baba Ritaya: A can ku yi ta musunku. A nan Najeriya kuwa ko fentin ma magana ce, don mun ga yadda 'yan ta'adda suka riƙa shiga gari da Hilux mai kalar soja mutane suna ɗaga musu hannu. Ko motar da harsashi ba ya huda ta za ka shigo da ita sai da takardar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Mai son kallo ya je gidan tarihin yaƙi na Umuahia, motocin sulken da Biyafara ta ƙera suna nan a ajiye.

Oga Bakanike: Maganar fentin nan gsky ce. Wani kwastomana ya sayi tsohuwar Land Rover ya ce lallai sai koren soja, na ce Alhaji ka bari, ya ƙi. Sati bai cika ba aka tsayar da shi a wani shinge, ya yini a rana yana rantsuwa shi ɗan kasuwa ne. Washegari da sassafe ya kawo min ita, yanzu fara ce tas kamar motar asibiti.

Ɗan Ingila: Abban Sultan in ka shirya ka turo kuɗi in duba maka ɗaya, amma man da za ta sha kai za ka yi wa Maman Sultan bayani, ba ruwana.