Shawarwarin dattawa kan wa'azin arziki

Dattawan ikkilisiya da matan zumunta da suka tattauna a Kaltungo sun amince cewa Allah yana biyan bukatun 'ya'yansa, amma sun ƙi koyarwar da ke cewa wanda ya "shuka iri" da kuɗi lallai zai girbi dukiya da lafiya. Sun tuna cewa a Ayyukan Manzanni 8:20 Bitrus ya tsawata wa Saminu mai sihiri don ya nemi sayen baiwar Allah da kuɗi, kuma Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku ya cire masa ƙaya daga jikinsa, ba a cire ba.

Abin da ya fi damunsu, kuma ina ganin suna da gaskiya, shi ne halin gwauruwar da ake gaya wa cewa rashin bangaskiya ne ya jawo talaucinta, har ta sayar da hatsin da za ta ci da marayunta ta kai bagade. Sun ce kada kowa ya ci bashi don yin baiko, kada majiyyaci ya bar maganin asibiti saboda alkawarin mai wa'azi.

Sun kuma shawarci matasa su karanta 1 Timoti 6 gaba ɗaya, su riƙa tambayar inda kuɗin baiko yake tafiya.