Jagoranmu yana so in sa hannu a madadin kamfani kafin rajista ta fito

Sabon_Shiga:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa shiga irin wannan hali. Mu huɗu ne za mu kafa kamfanin narka robobi. Ɗaya daga cikinmu shi ya zo da shawarar, shi ya haɗa mu, shi ke zirga-zirgar takardu da neman masu zuba jari. Rajista ba ta fito ba tukuna. Yanzu mai sayar da injuna ya ce ba zai ƙara jira ba, jagoran namu kuma ya ce ni zan sa hannu a takardar ciniki a madadin kamfani, tunda ni zan riƙe ɓangaren kuɗi. Bayan haka yana da wani sito da yake so kamfani ya saya a hannunsa. Da na tambaye shi nawa ya saye shi, sai ya ce wannan ba ya cikin magana. Kuma yana neman kashi 15 na hannun jari kyauta, ladan wahalarsa. Ba na zarginsa, mutumin kirki ne. Amma sa hannun nan ya hana ni barci. In sa ko in dakata?

Dan_Gaggawa:
Wa'alaikumus salam. Harkar roba akwai samu, amma wuta ce za ta cinye ku. Kun yi lissafin wutar da injin zai sha kuwa?

Maman Ihsan:
Ɗan uwa, kada ka sa. Don Allah kada ka sa. Ba labari aka ba ni ba, a kaina ya faru. Mu ma wani ne ya haɗa mu, aminin maigidana, za a kafa kamfanin ɗab'i. Ya zo da wani shuɗin fayil, ciki har da tambarin kamfani da katin da aka buga sunana a matsayin darakta, alhali ko sunan kamfanin ba a gama tantancewa ba. Ya ce mai injin zai sayar wa wani in ba a rufe ciniki a makon ba. Ya buɗe shafin ƙarshe, ya ɗora yatsa a kan layin, ya miƙo min birona da kansa. A ƙarƙashin layin an rubuta "a madadin kamfani". Aka kawo injin, aka biya rabi. Da rajista ta fito sai rigima ta ɓarke tsakaninsa da sauran a kan rabon hannun jari. Daraktoci ko zama ɗaya ba su yi ba, balle su ce sun karɓi cinikin. Da sammaci ya zo sunana ne a kai. Ba na kamfani ba, ba na mai shuɗin fayil ba. Shi kuwa ya ce wa lauyan mai injin ai shi ko a takarda ɗaya babu hannunsa, kuma gaskiya ya faɗa, babu. Kadarata na sayar na cike ragowar kuɗin. Injin yana nan lulluɓe da tamfol, tsatsa na cinsa, kuma har yau ana gardamar nawa ne ko na kamfani ne.

Dalibar_Shari'a:
Allah ya mayar da alheri, Anti. Abin da ya same ki tsohuwar ƙa'ida ce, tun shari'ar Kelner da Baxter a Ingila a 1866. Wasu mutane sun sayi giya ta fam 900 da sunan kamfanin otel da ba a kafa ba tukuna. Aka kafa kamfanin, aka shanye kayan, kamfanin ya karye kafin ya biya. Kotu ta ce su biya daga aljihunsu, don abin da babu shi ba ya da wakili, kuma ba zai iya zuwa daga baya ya ce ya amince da cinikin da aka ƙulla kafin samuwarsa ba. Har yanzu sashe na 51 na dokar kamfanonin Birtaniya ta 2006 yana ɗora nauyin a kan wanda ya sa hannu, sai in an yi yarjejeniya saɓanin haka. Mafita ita ce a sake ƙulla sabon ciniki da sunan kamfani bayan rajista.

Barista_Dattijo:
'Yata, karatunki daidai ne, amma ba ki tambayi mai tambaya a wace ƙasa zai yi rajista ba, kuma amsar ta rataya a nan. A Najeriya, alal misali, sashe na 96 na dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020 ya ba kamfani damar amincewa da cinikin bayan an kafa shi, ya zama kamar shi ya ƙulla tun farko. Sai dai kafin ya amince, wanda ya sa hannu shi ke ɗauke da nauyin, in dai ba a rubuta saɓanin haka ƙarara ba. Ka ga ke nan ko ta wace hanya aka bi, Maman Ihsan ce za a kama, tunda daraktocinsu ba su zauna ba. Malam, in dole sai an sa hannu yanzu, ku sa ku huɗun duka, kuma a rubuta cewa da zarar kamfani ya karɓi cinikin kun fita daga ciki. In mai injin ya yarda, a ƙara da cewa ciniki ya warware idan rajista ba ta fito ba zuwa rana kaza. Amma ni ba injin ne ya fi damuna ba, siton ne.

Alhaji_Mai_Kaya:
Barista, me ya dame ka da sito? Kayansa ne. Tun da nake kasuwa ban taɓa ganin an tilasta wa mai kaya ya faɗi yadda ya saro ba. In farashi ya yi musu su saya, in bai yi ba su bari.

Barista_Dattijo:
Alhaji, a ciniki tsakanin baƙo da baƙo maganarka dutse ce. A nan kuwa mai sayarwa shi ne ya zaɓo masu saye, shi ya tsara musu takardu, da bakinsa kamfanin ke magana tunda bai tsaya da ƙafarsa ba. Shi ya sa doka ta ɗauki mai assasa kamfani a matsayin wanda aka ba amana. Ba a hana shi cin riba ba, ɓoye ta aka hana. A shari'ar Erlanger ta 1878, wani mai banki na Faris da abokansa sun sayi hayar tsibirin Sombrero mai ma'adinin fosfat a kan fam 55,000, suka kafa kamfani, suka naɗa daraktocin da suke so, suka sayar masa a kan fam 110,000. Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda ita ce kotun ƙoli a lokacin, ta ce kamfani na da ikon warware cinikin ya karɓi kuɗinsa. Bayanin dole a yi shi ga daraktocin da ba a aljihunsa suke ba, ko ga dukkan masu hannun jari. Ya faɗa wa kansa da yaransa bai wadatar ba.

Dalibar_Shari'a:
Kuma rabin bayani ma bai fitar da mutum. A shari'ar Gluckstein da Barnes ta 1900 sun sayi filin baje koli na Olympia a Landan a kan fam 140,000, suka sayar wa kamfaninsu a kan 180,000. Sun bayyana wannan ribar ta 40,000, amma suka yi shiru a kan wata 20,000 da suka ci ta hanyar sayen basussukan tsohon kamfanin da ya mallaki wurin da araha. Kotu ta sa Gluckstein ya amayar da rabonsa.

Maman Ihsan:
Duk waɗannan Turawan da kuke lissafowa, akwai wanda ya zo ya taya ni biyan kuɗin injin? Ni abu ɗaya na sani. Wanda ya fi kowa zaƙewa a sa hannu, duba da kyau, hannunsa ba ya ko'ina.

Akanta_Shiru:
A kan kashi 15 ɗin, ya yi yawa. Namu kashi 5 muka ba shi, kuma ya yi godiya.

Dan_Gaggawa:
Kashi 5? Wannan zalunci ne. A namu 25 ya ɗauka kuma babu wanda ya yi ƙorafi. Ba don shi ba da babu kamfanin.

Baban Khalifa:
Kashi 10 ne ƙa'ida, kowa ya sani.

Akanta_Shiru:
Babu wata ƙa'ida, Baban Khalifa, ka nuna min inda aka rubuta. Hasali ma a asalin doka mai assasa kamfani ba ya bin kamfani bashin ladan aikin da ya yi kafin a kafa shi, don ba kamfanin ne ya sa shi ba. A wata shari'a a Ingila a 1908 ko kuɗin rajistar da mutum ya biya daga aljihunsa kotu ba ta tilasta wa kamfani ya mayar masa ba. Abin da ake yi shi ne a sa a kundin tsarin kamfani cewa daraktoci na da ikon biyan kuɗaɗen kafawa, sannan a rubuta yarjejeniya bayan rajista. Ko nawa ne a ba shi, amma a rubuce, kowa ya gani. Shawarata kada a damƙa masa duka a rana ɗaya, a rarraba a kan shekaru, in ya tafi da wuri ragowar ta koma.

Mai_Barkwanci:
In dai kawo shawara na jawo kashi 15, to Malam Sabon_Shiga a rubuta wa duk wanda ya yi sharhi a nan kashi 2. Barista a ba shi 3 saboda ya ambaci tsibiri.

Alhaji_Mai_Kaya:
Ni dai ina ganin kuna so ku raba mutane huɗu da ke zaman lafiya. Yarinyar da ba ta gama makaranta ba da lauyan da abincinsa rigima, su ne za su koya mana amana? Na kafa harkoki da mutane da baki kawai tun kafin a haifi wasunku.

Dalibar_Shari'a:
Baba, ban raina gogewarka ba. Amma Anti ma da amana ta shiga.

Barista_Dattijo:
Alhaji, da mutane na rubuta abu tun farko da rabin ƙararrakin da ke teburina ba su zo ba. Malam mai tambaya, akwai abin da ba a faɗa maka ba. Kai ma doka na iya kallonka a matsayin mai assasawa. Tun shari'ar Twycross da Grant ta 1877 ma'aunin shi ne aiki, ba muƙami ba: duk wanda ya ɗauki gabarar kafa kamfani don wata harka, ya kuma ɗauki matakan tayar da shi. In kana nemo masu jari kana ƙulla ciniki, ka shiga. Idan gobe wani ya zuba kuɗi bisa takardar da ta ɓoye zancen sito, ba jagoranku kaɗai zai nema ba. Lauya ko akanta da ya tsaya a aikin sana'arsa kawai shi ne ba ya ciki.

Maman Ihsan:
To ai dama. Su suka rubuta dokar, ta yaya za su bar kansu a ciki?

Barista_Dattijo:
Hajiya, in lauya ya wuce rubuta takarda ya fara nemo daraktoci da masu jari, shi ma ya faɗa. Malam, ka tambayi mutumin yaushe ya sayi siton. In tsohuwar kadararsa ce tun kafin a fara zancen kamfani, abin da ke kansa shi ne ya bayyana cewa nasa ne, ku kuma ku kawo mai ƙiyasta kadara wanda ba nasa ba. In kuwa bayan kun fara zama ya saya don ya sayar muku, kamfani na iya bin ribar gaba ɗaya.

Sabon_Shiga:
Na gode ƙwarai. Na kira shi ɗazu. Ya ce bayan zamanmu na biyu ya saya, kuma takardar da sunan surukinsa take, wai don kada mai wurin ya tsawwala. Ya ji haushin tambayar sosai, har ya ce in ba mu yarda da shi ba a fasa. Sauran biyun suna ganin na cika bincike. Barista, in su biyun sun yarda ni ban yarda ba, cinikin ya wuce ke nan?

Baban Khalifa:
Kafin Barista ya amsa, wa ke yi muku rajistar? Don nan ma akwai rami. Namu wakilin ya sa imel ɗinsa da lambar wayarsa a madadin na kamfani. Yau duk saƙon da hukuma za ta turo wurinsa yake zuwa, mu canza darakta ma sai mun roƙe shi ya buɗe mana.

Akanta_Shiru:
Wannan ya zama ruwan dare. Wani da nake wa aiki sai da banki ya nemi takardun shekara-shekara ya gano ba a taɓa shigar da ko ɗaya ba, alhali duk shekara yana biyan wakilin.

Maman Ihsan:
Namu satifiket ɗin ma har yau yana cikin wancan shuɗin fayil. Na aika, maigidana ya aika, ya ce sai an biya shi ladan wahalarsa.

Dan_Gaggawa:
To ni nawa wakilin ya rasu, kuma babu wanda ya san kalmar sirrin. Akwai wanda ya san yadda ake sauya imel ɗin ba tare da shi ba?