Ranar da doguwar kalmar Turanci ta ritsa da kai

Malamin Aji Uku:
Salam jama'a. Don Allah kowa ya ba mu labarin inda wata zabgegiyar kalmar Turanci ta taɓa ritsa shi, da abin da take nufi in ya gano daga baya. Tawa floccinaucinihilipilification ce, harafi 29. A wajen muhawarar makarantun sakandare wani yaro ɗan firit ya sake ta, ya rufe ido yana jero ta, ɗakin taro ya ɗau tafi raf raf, alƙalai suka kalli juna, wallahi ba wanda ya san me ya ce. Da na duba ƙamus ashe ma'anarta kawai ka ɗauki abu ba a bakin komai ba. Wasu ƙananan kalmomin Latin huɗu aka jona, flocci, nauci, nihili, pili, dukansu abu mara daraja suke nufi.

Ɗan Zariya:
Hhhh malam ai wannan har majalisar dokokin Birtaniya ta shiga, wani ɗan majalisa Jacob Rees-Mogg ya faɗe ta a 2012. Amma uwar tafiyar ita ce pneumonoultramicroscopicsilicovolcanoconiosis, harafi 45. Muna aji ɗaya a jami'a wani abokin ɗakinmu ya rubuta ta a kwali ya manna a saman gadonsa, kullum da safe sai ya karanta, har muka koma kiransa Numono, sunan ya bi shi har yau da yaransa uku. Cutar huhu ce da shaƙar ƙurar dutse mai laushi sosai ke kawowa. Abin dariyar ma ba likitoci ne suka ƙirƙiro ta ba, shugaban wata ƙungiyar masu wasan kacici-kacicin kalmomi ne a Amurka, Everett Smith, a 1935, da gangan don ta yi tsawo. Su likitoci silicosis kawai suke cewa.

Direban Tifa:
Ɗan Zariya ku kuna dariya mu kuma mun ga cutar ido da ido. Na daɗe ina ɗaukar kaya a wurin fasa dutse, akwai wani dattijo da ke kan injin, in ya tashi aiki har girarsa fari fat take zama saboda ƙura, ba takunkumi ba komai sai wani tsohon rawani da yake naɗewa a hanci, ya yi ta tari ana ta ba shi maganin mura har ya kai ko buta ya ɗauka sai ya tsaya yana haki. Da aka ɗauki hoton ƙirjinsa wannan gajeren sunan suka rubuta, suka ce tabon da ya yi a huhu ba ya gogewa. Allah ya jiƙansa.

Nas Mai Aikin Dare:
Amin ya Allah. Mu a asibiti kullum cikinsu muke, kuma gaskiya suna tayar wa mutane da hankali ba gaira ba dalili. Wani bawan Allah ya kawo mahaifiyarsa da ciwon gyambon ciki, likita ya rubuta oesophagogastroduodenoscopy a takarda ya miƙa masa bai yi bayani ba saboda layi ya yi yawa, sai ga mutumin nan a bakin ofis ɗinmu hannunsa na rawa, ya riga ya kira 'yan uwa a ƙauye wai abin ya yi tsanani su fara haramar zuwa. Na ce yaya zauna tukuna. Na sa biro na yanka masa ita: na farko maƙoshi, gastro ciki, duodeno farkon ƙaramin hanji, scopy dubawa. Na ce wani siririn tiyo ne mai kyamara za a zura wa Hajiya ta baki a leƙa, yau ɗin nan za ku koma gida. Sai ya ce to shi ne duk wannan rubutu haka? Haka otorhinolaryngology, kunne ne da hanci da maƙogwaro, shi ke nan. Ni laifin namu nake gani, minti ɗaya ya isa a yi wa mutum bayani da Hausa.

Maman 'Yan Biyu:
Anti nas Allah ya biya ki. Ni kuma aikin gida ne ya haɗa ni da antidisestablishmentarianism, harafi 28, malamar Hassana ta ce su haddace kuma su kawo ma'ana, yarinya 'yar firamare fa. Muka jira babansu ya dawo, shi ma sai da ya cire hula ya sosa kai. Ashe rigimar Ingila ce ta ƙarni na 19, wasu na so a raba cocin ƙasar da gwamnati, wasu suka ce ba su yarda ba, to aƙidar waɗanda ba su yarda ba ɗin ce. Yanzu fisabilillahi me Hassana za ta yi da wannan, ita da ko wasiƙa ba ta gama iya rubutawa ba.

Ɗan Maraɗi:
Mu nan da muka yi lakwal, wato makarantar boko, da Faransanci tamu anticonstitutionnellement ce, harafi 25, wato yin abu ta hanyar da ta saɓa wa kundin tsarin mulki. Mushe, wato malaminmu, ya kan ba mu ita a shifta, in ka manta n guda ɗaya ka sha bulala.

Ɗan Zariya:
Kai ai mun manta da Patrick Obahiagbon, wanda ya wakilci Oredo ta jihar Edo a majalisar wakilai daga 2007 zuwa 2011. In ya miƙe a talabijin kowa a majalisarmu ta mai shayi sai ya ajiye kofi, in ya gama a tambayi mai digirin cikinmu me ya ce, ya ce shi ma bari ya je gida ya duba.

Maman 'Yan Biyu:
Don Allah wanda ya iya furta mai harafi 45 ɗin nan ya ɗauko mana murya ya turo, Usaina ta ga ina karantawa ta nace sai ta ji, na gwada na maƙale a wajen silico.